Mai Ƙirgen Gashi

Aikina ƙirgen gashi ne.
Ranar da na faɗa wa inna, ta jingine muciya ta dube ni:
"Shekara nawa a lakkwal, ki ƙare a wanzanci?"
Na ce ba na kai ba, na ganyen alkama.
Ta ce, "Gara na kai, shi ana biya nan take."

Da jijjifi nake shiga fadamar Jiratawa,
kafin injin ruwa ya yi tarin farko.
Kunya arba'in, kowace da guntun kwano
mai lamba da jan fenti.
In durƙusa, in ja ganye tsakanin yatsu biyu.
Wani santsi, kamar bayan tarwaɗa.
Wani ya ɗan riƙe ni,
kamar gemun ɗan shekara sha biyar
da mai shi bai san ya tsiro ba.

A Tarna, ƙarƙashin madubi,
abin da yatsa ya ji sai ido ya gani.
Ashe kurmi ne.
Farare, tsaitsaye, kowane da ɗigon raɓa a wuya.
Ga darɓa guda a ciki,
kamar mai amalanke a cunkoson babbar kasuwa,
ta ɗaga ƙafa, ta sauke,
ta rasa inda za ta kafa baki.
A kan mai santsi kuwa tuni ta shimfiɗa tabarma,
ta haihu, ta ga jikoki.

Bara waccan Mushe Barmo ya ɗauki hantsaki,
hannunsa na rawa, bai ko karya kumallo ba,
ya ɗebo garin furen mai gashi
ya zuba wa mai santsi,
ya rufe zangarniyar da ambulan kamar wasiƙa.
Ƴaƴan fari suka fito, duka da gashi.
Duka.
Na rubuta a littafi: santsi ya mutu.
Mushe ya ce, "Da fensir, Tsahara. Rubuta da fensir."

Muka shuka ƴaƴan ƴaƴan.
Sai ga shi ya dawo, kamar tsohon bashi,
nan ɗaya, can ɗaya, ba sallama.
Kwana tara ina ƙirga, gwiwata ta yi kanta:
ɗari uku da tara masu gashi,
ɗari da ɗaya sumul.
Uku da ɗaya, in ji allo,
amma ƙasa ba ta cika mudu cif.
Cikin masu gashin ma, wani dogo, wani tsilli-tsilli,
wani sai a gefen ganye kawai.
Makullin ɗakin ba a hannun mutum guda yake ba.

Mahaifina Nomau girarsa a haɗe take,
kamar shaho ya buɗe fiffike a goshi.
Mu shida ya bari, ba wanda ya ɗauko.
Muka ce ta bi shi kushewa.
Ranar sunan ɗana Tsalha,
inna ta yaye zane daga fuskar jariri,
ta yi shiru,
ta fita bayan rumbu ta daɗe.

Barewa ta yi gudu, ɗanta ya yi rarrafe,
jikan ne ya tashi da ƙafa huɗu.
Shekara talatin ina ɗauke da girar nan
ban taɓa ganinta a madubi ba.

Jiya wani manomi, Ɗan Jimo, ya tsaya bisa gaɓar kanal,
galma a kafaɗa.
"Malama, wacce ta fi cika buhu?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya yi dariya ya wuce, yana girgiza kai.

Da yamma na kai wa inna ganye biyu a gefen zane.
Idonta ya yi rauni, sai ta shafa.
Ta shafa na farko, ta ajiye.
Ta shafa na biyu, ta sake shafawa.
Ta ce, "Wanga fa, na san gidansu."